Yadda Hayatu Tela Ya Zama Alhaji Filasko

Akwai wani mutum a garin nan, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, wanda ba ya da aiki sai bin majalisa yana ba da labarin Hayatu tela, yana dariya har da riƙe ciki, wai bai taɓa ganin sakarai irinsa ba. Munafuki! Ranar da abin ya faru yana cikin layi da kofin silba a hannu, har cewa ya yi a ƙara masa. Tunda ya yanke wurin da ya shafe shi, to ga labarin da kansa da ƙafarsa.

Shekarar da soja suka ture soja suka hau ne, lokacin da rediyo ba ta da aiki sai karanta sunayen ma'aikatan da aka kora. Kafin nan kuɗin mai ya shigo Sakkwato, kowane mai ofis ya ajiye tumbi, har ana gane girman kujerar mutum da yadda rigarsa ke ɗagewa ta gaba. Ba wanda ya san tumbunan nan kamar Hayatu, don shi ke auna su a shagonsa na Ƙofar Taramniya. Shi kansa siriri ne kamar sillen kara. Ya taɓa yin wata huɗu a Ikko, tun daga nan ba ya buɗe baki sai ya ce, "Lokacin da nike Ikko." Wai har Turanci yana ji. Burinsa ɗaya a duniya, a kira shi Alhaji. Shekara uku ke nan yayan matarsa, Alhaji Giɗaɗo, mai riƙe da sito a wata ma'aikata, yana ce masa kujerar Makka sai baɗi. Hayatu kuwa ya riga ya nuna wa kowa haƙorin da za a sa wa zinariya, na sama, gefen dama.

Wata ranar Talata ana hirar kore-koren nan a bakin shagonsa, sai ya ajiye almakashi ya ce, "Ku ba ku san soja ba. Ni da na zauna Ikko na san su. Ba takarda suka dubawa ba. Tef suka sa ma mutum ga ciki, in ya wuce inci arba'in, ka ci dukiyar gwamnati, sai gidan yari."

Nan take ya ƙirƙiro maganar, don kawai a yi shiru a saurare shi. Amma kafin la'asar ta Laraba sai ga wani mahauci yana ba shi labarin, har an ƙara cewa tef ɗin na ƙarfe ne, daga Ingila aka kawo shi. Hayatu ya dafa ƙirji ya ce, "Ban gaya muku ba?" Daga nan shi ma ya yarda.

Ranar Alhamis Fijon Alhaji Giɗaɗo ta tsaya a ƙofar shago. Ya shigo yana haki, ya turo ƙyaure, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Auna ni."

"Sabuwar riga za a ɗunka, ranka shi daɗe?"

"Auna ni nic ce!"

Hayatu ya zagaya da tef, da ƙyar hannuwansa suka haɗu. "Hamsin da huɗu."

Alhaji ya yi salati ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Ashe takarda aka kawo masa, ranar Litinin zai tsaya gaban kwamitin bincike a kan wani siminti da ya shiga sito da ƙafar mota, ya fita ba a san da ƙafar wa ba.

Hayatu ya ce, "Sha huɗu kawai za a rage? Kwana huɗu? Lokacin da nike Ikko, na ga an sauke ma wani ɗan kwangila ashirin tsakanin azahar da la'asar."

Alhaji ya kama hannunsa ya ce, "Hayatu, in ka sauke mini wanga kaya kafin Litinin, kujerar bana ta gidanku ta. An riga an yanka tikiti, suna kawai za a rubuta."

Hayatu bai tsaya rufe shago ba, ya hau keke sai Sabon Gari. A wani kantin kayan gwangwani ya ga abin da yake nema, gwangwanin shayi mai hoton wata Baturiya da ƙugu kamar na zanzaro. Mai kanti ya ce masa na mata ne. Hayatu ya ce, "Ciki ciki na, ba ya da mace ba ya da namiji."

Saura karatu. Ya kai wa maƙwabcinsa Malam Abdulwahabu, tsohon akawun En'e, wai shi ya manta tabaransa ne. Malam Abdulwahabu ya kai gwangwani bakin hanci yana fassarawa a hankali, "Shayin rage ƙiba. Cokali guda, ga ruwan zafi. Wanda za shi wurin aiki kuma, sai shi zuba shi cikin filask..." Sai tari ya sarƙe shi.

Hayatu ya fizge gwangwani ya ce, "Filasko! Ai na sani, Malam Akawu, gwada ka nika yi. Ashe har yanzu da sauranka."

Tsoho yana tari yana ɗaga hannu a tsaya, Hayatu ya riga ya sha kwana.

To, filasko dai ba baƙo ba ne. Ganyen nan ne da tsofaffi ke ɗiba da yatsa uku su jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure, shi ma sai an tabbata ba ya da tafiya ranar. Hayatu ya je wurin Inna Tani mai saiwoyi ya ce a cika masa kwano.

Tani ta ce, "Kwano? Raƙumi za ka wanke ma ciki?"

"Inna, wanga ilimin Turawa na, ba na tsofaffi ba. Rubuce shike ga gwangwani."

"Su Turawan, ban ɗaki nawa gare su ga gida guda?"

"Ke dai auno."

Ta auna masa ta ce, "In anka tambaya, ban san ka ba, ban san uwarka ba."

A gida ya juye gwangwani da kwanon ganye a tukunya ɗaya ya hura wuta. Matarsa Sadiyatu ta fito daga ɗaki tana toshe hanci.

"Malam, mi kaka dafawa ga tukunyar tuwona?"

"Kujerar Makka."

Ta leƙa ta ce, "Wanga ai filasko na. Wa za ka ba?"

"Yayanki."

"Ka ɗanɗana?"

"Ni mi zan rage? In na sha sai a neme ni a rasa."

"To wallahi in ka kashe mini ɗan'uwa, da wagga tukunya zan biyo ka."

"Ki yi ta faɗa. In na dawo da haƙorin zinariya, ke za ki fara roƙon in yi miki murmushi."

Ranar Juma'a da safe Alhaji ya sha kofi guda, ya yamutsa fuska, aka ce masa ɗacin ne maganin. Ranar Asabar da Hayatu ya je awo, ya tarar da shi kwance a tabarma a tsakar gida, kusa da makewayi, buta biyu a gefensa, muryarsa ta koma kamar ta sauro.

"Sawu goma sha ɗaya na yi, Hayatu."

"Madalla! Simintin na ka fita, ranka shi daɗe."

"Rufe mini baki! Auna."

Hayatu ya ce masa ya shaƙe numfashi, ya ja tef har ya nutse cikin tsoka. "Hamsin da uku."

"Guda ɗaya? Duk wagga wahala?"

"Farkon na ka wuya. Ga Ikko kofi biyu aka sha rana ta biyu."

Direban Alhaji ba ya da sirri. Kafin hantsin Lahadi duk wanda ya sami takardar kwamiti ya ji labari, har da waɗanda ba su samu ba amma sun san halinsu. Layi ya tashi daga bakin shago har gindin darbejiya, kowa da kofinsa a ɓoye cikin hannun riga, kowa yana cewa wani ya aiko shi. Hayatu ya ɗaura tef a wuya kamar likita, yana zubawa da ludayi yana wa'azi, wai Turawa ba sa tumbi don tun suna goye ake ɗura musu wannan.

Da yake rana ce ta hutu, da yawa suka zauna hira a unguwar, ana jiran a ga yadda tumbi ke sauka. Bayan azahar ya fara sauka. Wani babban akawu yana tsakiyar bayanin yadda ya tsare amanar ofis, sai ya katse maganar, ya miƙe a hankali, ya tafi yana taku kamar mai ɗauke da ƙwai a hula. Na biyu bai tsaya taku ba. Kafin la'asar ba gidan da ba a yi wa sallama ba a Ƙofar Taramniya, manya masu rigunan shadda suna bubbuga ƙofar talakawa suna cewa, "Salamu alaikum, a taimaka da buta!" Wani mai sabuwar Basfa shuɗiya ya yar da ita a tsakiyar titi tana ta kuka, ya faɗa gidan da bai san mai shi ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Inna Tani ta sa sakata, tana amsawa daga ciki, "Ku tafi wurin Turawa!" Sadiyatu kuwa ta zubar da ɗaurayen tukunya a bayan gida, akuyar maƙwabta ta lasa, aka kwana biyu ana shari'a da mai akuya.

Duk wannan Hayatu yana tsaye yana cewa, "Kun gani? Aiki shika yi. Ku dawo gobe da safe a ƙarasa." Kuma don tsoron tef, sun dawo.

Ranar Litinin bayan sallar asuba ya ɗura wa Alhaji kofi uku, mai kauri kamar kunu. Aka auna, hamsin da biyu. Alhaji ya fara kuka sosai. Hayatu ya ce kada ya damu, abin da shayi ya bari, tela zai ƙarasa. Ya kawo yadin katifa mai kauri, ya naɗe cikin Alhaji zagaye uku, shi da direba suna ja, ƙafa a bango, sannan ya sa allura da zaren lilo ya ɗinke shi tun daga ƙirji har ƙasan cibiya, ya haɗa da bakin wando don kada ya zame.

"Arba'in da bakwai! Sauran bakwai riga ta shanye su."

Alhaji ya ce da ƙyar, "In buƙata ta taso fa?"

"Jiya ka gama fitar da komai. Mi ya rage?"

Don kada sauran shayin ya huce, Hayatu ya leƙa ya ari filas ɗin Malam Abdulwahabu. Tsoho ya miƙo masa ya ce, "Madalla, yanzu ka bi abin da gwangwani yac ce." Hayatu bai saurara ba. Malam Abdulwahabu kuwa ya sa hula ya bi bayansu, don filas ɗin ɗansa ya kawo masa daga Kaduna, kuma ya san hannun Hayatu.

A zauren da kwamiti ke zama, mutanen jiya suna jere a benci, idanu sun faɗa, kowa ya matse ƙafafu. Jama'ar gari sun cika tagogi. Makewayi ɗaya ne a bayan ginin, mabuɗinsa na hannun masinja, masinja kuwa an aike shi gidan waya.

Wajen sha ɗaya aka buga ƙafa, shugaban kwamiti ya shigo. Manjo ne, kuma tunda Hayatu yake awo bai taɓa ganin tumbi irin nasa ba. Bel ɗin ma a ƙarƙashi ya sami wurin zama. Ba tef a hannunsa, ba tef a tebur, ba tef a ko'ina.

Alhaji ya juyo a hankali ya ce, "Hayatu, ina tef ɗin?"

"Wataƙila shina cikin aljihu."

"Shi wa ka auna shi?"

"Na soja daban na, ranka shi daɗe. Nasu horo na."

Alhaji Giɗaɗo aka fara kira. Sakataren kwamiti ya miƙe ya ce takardun sito duk gara ta cinye, ba a sami wata shaida ba, don haka zai karanta rahoto shafi goma sha biyu, in ya gama Alhaji ya sa hannu ya tafi gida. Wato da mutumin nan ya zo da tumbinsa cikakke ya zauna rabin awa, da ya ci tuwon rana a gidansa da aikinsa a hannu.

A shafi na biyu cikin Alhaji ya yi wata ƙara da har sakatare ya duba taga ko hadari ne. A shafi na uku gumi ya jiƙa hula. A na huɗu ya fara taka rawa a tsaye.

Manjo ya dube shi ya ce da Hausarsa ta bariki, "Alhaji, menene kana rawa? An ce babu shaida. Ko kai ya ci siminti ne?"

"Ban ci ba, ranka shi daɗe. Sha na yi."

"Ka sha siminti?"

Tagogi suka ɗauki dariya.

"A ba ni izni, minti biyu."

"Babu fita sai an gama. Sakatare, ci gaba."

Sakatare mutum ne mai son aikinsa. Ya gyara murya, ya ce ya ɓata layi, bari ya koma farkon shafi. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, in mutum ya ce ya ci, sai an karanta sauran?"

"In ya ce ya ci, magana ya ƙare."

"Na ci! Wallahi na ci! Shina Dundaye, gida na gina da shi, har da katanga, ku tafi ku gani! Hayatu, almakashi!"

Almakashi yana shago. Hayatu ya ruga ya ɗaga rigar Alhaji a gaban Manjo da sakatare da mutanen gari, ya durƙusa ya kafa haƙori a zaren lilo. Ɗinkinsa ne, kuma duk surutunsa Hayatu ya iya ɗinki. Ya ja, zare bai motsa ba. Ya sake ja da ƙarfi, sai aka ji ƙas, wani abu fari ya yi tsalle ya faɗa kan rahoton sakatare. Haƙori ne, na sama, gefen dama. Wani kofur ya zaro wuƙa ya farke yadin, tumbi ya dawo wurinsa gaba ɗaya, Alhaji ya fita da gudun da ba a san yana da shi ba. Mutanen benci suka ga an buɗe hanya, suka bi shi gaba ɗaya, aka bar takalma da huluna. Da suka tarar da kwaɗo a ƙofar makewayi, abin da ya faru da gonar masarar mai gadi ba na rubutawa ba ne.

Manjo ya buga tebur ya ce a kawo masa telan nan mai filas a hannu. Ko a nan bakin Hayatu bai mutu ba. Yana tsaye jini a leɓe, iska na fita ta gurbin haƙori, ya ce shi umarnin Turawa ya bi, rubuce yake, a zuba shayi cikin filasko, ga ma wanda ya karanta.

Malam Abdulwahabu ya matso da sandarsa ya ce, "Ranka shi daɗe, filas nic ce. Wanga da ke hannunai, mai riƙe zafi. Tari ya kama ni, kafin in ƙarasa ya ce gwada ni shika yi."

Manjo ya ce, "Filasko menene?"

Daga taga muryar Inna Tani ta amsa, "A ba shi shi sha, ka gani da idonka!"

Manjo ya ga shawarar ta yi. Hayatu ya ce shi ba ya da abin ragewa, aka ce ba a tambaye shi ba. Ya shanye filas tas, kofur na tsaye a kansa, aka zaunar da shi a benci har la'asar don kada a ce ba a ba magani lokacinsa ba. Sannan aka ce ya yi tsallen kwaɗo zuwa bakin ƙofa, ya tafi gida a ƙasa. Daga nan zuwa Ƙofar Taramniya ba wata tafiya ba ce, amma sai da ya yi sallama a gida bakwai, biyar suka gane shi suka ƙi buɗewa.

An kori Alhaji Giɗaɗo, an karɓe gidan Dundaye. Amma da ya farfaɗo ya ce shi ba ya saɓa alkawari, kujera ta gidansu Hayatu ce ya ce, kuma gidan za ta. Aka rubuta sunan Sadiyatu, ya tafi da ƙanwarsa. Ta dawo Hajiya, da zinariya a haƙorin sama, gefen dama, kullum da safe sai ta yi wa mijinta murmushi ba tare da ya roƙa ba. Shi ma dai bai tashi a banza ba, don tun daga ranar ba wanda ya sake kiransa Hayatu. Daga Ƙofar Taramniya har Sabon Gari, Alhaji Filasko ake ce masa, kuma yana amsawa, wai ko ba komai rabin sunan daidai ne.

To kai mai dariya, da kai da duk wanda ya karanta wannan ya ce shi ba ya cikin layin nan, ubansa ma ba ya ciki, ku fara gaya mini Basfa shuɗiyar nan ta wa ce. In kun ce ba ku sani ba, shagon yana nan, filas ɗin ma yana nan. A zuba maka kofi guda, in ka kai shi baki ba ka fara waiwaya inda buta take ba, ka ce ƙarya na yi.